Ranar da Mai Rijiya Ya Shayar da Hamadata

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau da zafinsa na zo muku. Wadda ta shigo yanzu kada ta ce an bar ta a baya. Ni ce Auta, haka kowa yake kirana a gidanmu, har mai kawo mana burodi da safe. Ina aikin wucin gadi a wata cibiyar binciken tsirrai, ƙarƙashin wata mata da muke ce wa Dakta. Goggo, ƙanwar marigayi babana, ita kuma cewa take yi wasan ƙasa nake yi da takardar digiri a hannu.

To, ba ta yi ƙarya duka ba. Ƙasa ce aikina. A saman benenmu akwai wata rumfa da na yi wa rufi da farar leda, na jera tirori a kan benci. Rumfar gilashin cibiyarmu ce ake gyarawa, shi ya sa Dakta ta yarda na kawo su gida. Kowane tire cike yake da ƙasar da motar cibiya ta kankaro daga can cikin hamada: wani yashi ne zalla, wani laka ce mai tauri, wani kuma ƙasar gindin ƙaya ce mai haɗe da ruɓaɓɓen ganye. In kika kalle su za ki rantse babu rai a ciki. Amma a fatar ƙasar nan ta sama, wadda kaurinta bai wuce gaɓar yatsa ba, akwai ƙwayoyin irin ƙananan ciyayi suna barci, wasu tun shekarun da suka wuce.

Ciyayin nan da ruwan sama ɗaya suke rayuwa. Su tsira, su yi fure, su zubar da iri, su mutu, duk kafin danshi ya gudu. Shi ya sa irinsu yake da wayo. Yayyafi ba ya ruɗarsa, sai an yi ruwa mai nauyi ya jiƙa ƙasa sosai sannan yake buɗe ido. Aikina shi ne in bar tirorin su sha fari, sannan in ba kowanne ruwan sama da awo, in ga a wace ƙasa iri ya fi tsira, a wacce kuma ya fi daɗewa bai mutu ba. A kan sakamakon wannan gwajin Dakta za ta yanke ko za a riƙe ni aiki na dindindin ko a sallame ni. Ni kuma da bakina na yi wa Mama alkawari: in aka sallame ni, na haƙura da tsirrai, in koma shagon atamfofin Goggo in riƙa auna yadi. Allah Ya sani, ko tunanin hakan na yi sai ƙirjina ya yi nauyi.

Sai kuma maganar Injiniya, wanda a wayata na ajiye sunansa Mai Rijiya. Haƙa rijiyar burtsatse ce sana'arsa, a layinmu ya zo aiki muka haɗu. Dogo ne, mai wushirya, takalminsa ba ya rabo da taɓo ko da ya sa manyan kaya. Wasu samarin turo baitoci suke yi. Shi nasa saƙon kullum ɗaya ne:

"Malama, kin sha ruwa yau?"

Ya daɗe da gabatar da kansa a gida, Mama kuma ta riga ta ba shi zuciyarta tun ranar da ya gyara mata famfon kicin. Ni ce na tsaya kai da fata cewa ba zan ba da amsa ba sai gwajina ya kammala. Ba wai ba na sonsa ba ne, kada ku yi mini mummunar fahimta. Tsoro nake ji kada in ce e, kowa ya tattara tirorina ya ce ai wasa ya ƙare.

Ana cikin haka Yayata ta haihu, aka ce in je in ɗan taya ta zama. Tafiyar ta zo mini daidai, don lokacin da tirorin za su sha fari ne, ba sa buƙatar komai sai a ƙyale su. Na kulle ƙofar bene, na damƙa wa Mama makulli.

"Mama, don Allah kada kowa ya taɓa su."

"Wa zai taɓa miki busasshiyar ƙasa? Ɓarawo ma ya hau ya gani sai ya bar miki sadaka."

Ina can ina fama da wankin tsummokaran jariri saƙon Mai Rijiya ya shigo: "Na yi miki wani abu. Sai kin dawo za ki gani." Har da hoton fure a ƙarshe, abin da bai taɓa yi ba. Na yi ta juya saƙon ina murmushi ni kaɗai, har Yaya ta ce ko aljanu ne suka shafe ni. A raina na gama yanke cewa agogo ne, ko kuma jakar nan ruwan toka da na taɓa nuna masa.

Ranar da na dawo, da la'asar, na tarar da falo an share an kunna turare, an canza rigunan kujeru zuwa masu ruwan zuma ɗin nan da ba a fito da su sai da dalili. Mama ta sha leshinta shuɗi, sai wani murmushi take yi tana kallon silin.

"Je ki watsa ruwa ki sa rigar kirki, Injiniya yana hanya."

Na sa doguwar rigata koriya mai aiki a wuya, na yafa farin mayafi, har da ɗan kwalli. Ina gaban madubi na ji wani sauti daga sama, siriri, ɗis, ɗis, ɗis. Ko takalmi ban tsaya sawa ba na haura matakala, na tarar da ƙofar a buɗe.

'Yan uwa, aiki ne mai kyau. Wannan kam dole in faɗa. Injiniya ya ɗora ƙaramin tanki a kan ƙarfe, ya ja siraran baƙaƙen tiyo a jere, ya ɗaure su tsaf, kowane tire da bakinsa yana ɗigar masa da ruwa ba dare ba rana. Tirorina kuwa duk sun tashi. Na yashi sun yi kore shar, har wasu tsiron sun yi tsawo sun kwanta. Na laka sun zama kwata, irin ya kumbura ya ruɓe, sai wari. A gefen kowane tire ga wani farin zobe na gishirin ruwan rijiya, inda ya taɓa ganye ya ƙone shi. Duron ruwan saman da na tara da wahala yana gefe a rufe, ko kallonsa ba a yi ba.

Iri sau ɗaya yake farkawa. Wanda ya tashi ya tashi, wanda ya ruɓe ya ruɓe, kuma tunda duk ruwa ɗaya suka sha babu awo, babu abin da zan iya cewa game da yashi ko laka. Na tsaya riƙe da bakin benci.

"Kin gani?" Muryarsa ce a bayana. Ya sha farin yadi da hula, ƙamshinsa ya riga shi isowa, wushiryar nan duk a waje. "Da na hau na gan su sun bushe sun tsattsage, wallahi sai da tausayi ya kama ni. Na ce ina raye, ina haƙa wa gari ruwa, a ce shukar Malama tana mutuwa da ƙishi? Dubi yadda suka yi kyau yanzu."

"Wa ya sa ka?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba.

"Na ce wa ya sa ka? Ka tambaye ni? Ka san me ka yi? Aikin da na ɗora rayuwata a kai ka kashe!"

"Malama, ai ruwa ne kawai..."

"Ruwa kawai! Ai kai shi kaɗai ka sani a duniya. Ba komai ne ruwa yake gyarawa ba, Injiniya. Wani abin kyautatawarka ce take kashe shi."

Na faɗa ina kuka, kwallin duk ya zubo a mayafi. Ya cire hularsa ya ajiye a kan duro, ya naɗe hannun farar rigar nan, ya rufe bakin tanki, ya bi tiyo ɗin ɗaya bayan ɗaya yana kwancewa. Da ya gama ya rataya su a kafaɗa, taɓo yana ɗiga a rigarsa.

"Ki yi haƙuri," ya ce, ya sauka. Lemon da Mama ta jera masa a tire ko kallo bai yi ba.

Washegari na je na faɗa wa Dakta komai. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Garin neman gira an rasa ido ke nan," ta ce. "Ni ba na hukunta soyayya, Auta, amma ba zan iya rubuta ta a rahoto ba. Motar cibiya ba za ta koma can ba sai baɗi. In kin samo sabuwar ƙasa daga wuraren nan uku kafin zafi ya shigo, ki sake daga farko, zan jira ki. In zafi ya shigo, ko kin zuba musu kogi irin nan ba zai tashi ba. Daga nan kuma hannuna a ɗaure yake."

Ina zan samo ƙasar hamada? Wurin da mota mai ƙarfi take wuni tana tafiya, ta kwana, ta sake ɗaukar hanya? Na fito daga ofishin ina jin ƙamshin sabuwar atamfa a hancina.

A gida kuwa Goggo ta riga ta samu labari, ta iso da jakarta da maficinta ta kafa zama a kujerar tsakiya.

"Ke 'yar nan, anya kanki ɗaya? Namiji ya kashe kuɗinsa da ƙarfinsa ya yi miki hidima, ki kore shi a kan yashi? Yashi fa! Wanda ake zubarwa a ƙofar gida kyauta! Sa'o'inki suna goyon na biyu, ke kina goyon tire."

"Goggo, ba yashi ba ne kawai..."

"Rufe mini baki. Shago yana nan yana jiranki, na ma sa an gyara miki kujera."

Sai da Goggo ta shiga salla sannan Mama ta biyo ni kicin, ta tsaya tana goge kofin da ya riga ya bushe.

"Ni na ba shi makullin," ta ce a hankali. "Har tiyon na riƙe masa yana ɗaurewa. Na ɗauka za ki yi murna." Ta ajiye kofin. "Ban san ashe har haka abin yake a ranki ba, Auta. Ban taɓa ganin kin yi irin kukan nan ba tun rasuwar babanku."

Na kwantar da kaina a kafaɗarta.

Shi kuwa Mai Rijiya, ɗif. Safiya ta yi babu "kin sha ruwa". Wata safiyar ta sake yi, babu. Ashe tambayar nan da nake yi wa dariya ita ce take buɗe mini rana ban sani ba. Na rubuta "Ka yi haƙuri da abin da na faɗa", na goge. Na rubuta "Kana lafiya?", na goge. Daga ƙarshe na tura "Salam" kawai, ya tsaya da alama ɗaya, bai ma shiga ba. Na kira, aka ce wayar ba ta kan layi. Na shiga fargaba biyu, ta aiki da ta mutum, kuma in gaya muku gaskiya ban san wadda ta fi ci mini rai ba.

Ran nan da rana tsaka muna falo, Goggo tana nuna mini yadda ake ninke yadi kada ya karye, sai muka ji wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gida har tagogi suna girgiza. Na leƙa. Motar aikin su Injiniya ce, ta yi fari fat da ƙura. Ya diro daga gaba cikin shuɗin kayan aiki, ya yi baƙi ya rame, leɓɓansa sun tsattsage. Bai ko kalle ni ba ya fara sauke buhuna a tsakar gida, yana ɗauka a kafaɗa yana direwa. A jikin kowanne ya rubuta da jan fenti: YASHI. LAKA. GINDIN ƘAYA.

Ya durƙusa ya gaida Mama da Goggo, sannan ya juyo.

"Direban cibiyarku na nema ya kwatanta mini wuraren. Dama muna da aikin rijiya a wata rugar makiyaya can gefen, sai na ƙarasa. Babu layin waya a can." Ya share gumi. "Na ɓata miki ƙasa, ga ƙasa na kawo."

Na durƙusa a gaban buhun farko, ko tattare rigata ban yi ba, na kwance bakinsa na tura hannu. Yashi ne mai sanyi, mai laushi, tas da shi kamar an tankaɗe. Babu ko ɗan ƙaiƙayi. Na buɗe na biyu, na buɗe na uku. Duk haka.

"Injiniya," na ce, "daga ina ka ɗebo? Ina nufin, daga sama ko daga ƙasa?"

Nan fa ya ɗan miƙe, wushiryar ta leƙo.

"Haba Malama, ai ba zan kawo miki ta sama ba. Duk datti ce, karmami da kashin awaki da tarkace. Sai da na sa shebur na share ta gefe tas, na haƙa har ƙuguna, na ɗebo miki mai tsabta, wadda ko ƙafar tsuntsu ba ta taɓa takawa ba."

Na kalle shi. Na kalli buhunan. Wani abu ya taso mini daga ciki, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Na yi ta yi har na zauna daɓas a ƙasa, hawaye suna zuba, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma dariya. Goggo ta fara salati.

"Dattin nan da ka share," na ce da kyar, "shi ne irin. A sama yake zama. Wannan da ka kawo babu ko ƙwaya ɗaya a ciki."

A hankali ya zauna a kan buhun LAKA, ya dafe kai da hannu biyu.

"Wato na je har can, na sami abin, na sa shebur na ture shi."

"Ka ture shi."

"Ni dai a sana'armu, abin kirki a ƙasa yake. Duk wanda ya tsaya a sama bai sami komai ba." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Jibi motar za ta koma, ba mu gama rijiyar ba. Ki faɗa mini yadda ake yi. Ko sau goma ne zan koma."

"Ba ya faɗuwa da baki. Da cokali ake kankarowa, a hankali, kuma sai an duba inda ruwa yake kwanciya da inda iska take tara iri. Sai na gani da idona."

"To ba dai a gidan nan ba!" Goggo ta buga mafici a cinya. "Budurwa ta bi motar maza zuwa daji? Me za a ce da mu? Ai aikin gama ya gama, a haƙura. Allah bai yi ba."

Na sunkuyar da kai. Sai na ga ƙafafun Mama sun matso. Ta tsuguna, ta ɗebi yashin a tafinta, ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta. Ta kalli leɓɓan Injiniya, ta kalle ni.

"Ɗan nan, gaban motar taku mutum nawa yake ɗauka?"

"Da direba huɗu, Mama, in an matsa."

"To za a matsa. Auta, duba mini takalmin nan nawa mai igiya a ƙarƙashin gado." Ta karkaɗe hannunta ta miƙe. "Da hannuna aka ɓata, da ƙafata za a gyara. Kuma in muka bar bawan Allahn nan ya koma shi kaɗai, rijiya sukutum zai haƙo mana a buhu."

"Ke da ciwon gwiwa?" in ji Goggo.

"Gwiwar tawa ce. Ke dai ki riƙe mana gida, ki kuma ba wa wata kujerar shagon aro kafin mu gani."

Injiniya kuwa sai godiya yake jerawa, har da "Allah Ya ƙara girma" ya fi a ƙirga, Mama ta ce ya tashi ya sha ruwa tukuna, shi da yake tambayar mutane.

Bayan ya tafi, ina ɗaki ina ninke kaya a jaka, dogayen riguna masu kauri da hular rana da ledojin zuba ƙasa, Mama ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Zan kai ki ki ɗebo ƙasarki, kuma ko bayan aure babu mai raba ki da tirorin nan ina numfashi," ta ce. "Amma ki ji ni da kyau. Mutumin da ya yi miki kuskure har sau biyu saboda so, ba a barinsa a tsaye a rana. Kafin motar nan ta dawo da mu, ki ba shi amsa. Ko e, ko a'a, ba zan matsa miki ba. Amma amsa."

Ta fita ta ja ƙofa. Ban ko motsa ba wayata ta yi ƙara a kan matashi. Mai Rijiya ne.

"Malama, na ajiye shebur. Ina shagon kwanuka yanzu. Cokali nawa zan sayo?"

Na daɗe ina kallon saƙon. Sannan na goge hannuna a riga na rubuta:

"Biyu. Ɗaya nawa, ɗaya naka."